Hoton Ƙirjin Da Ba Mu Ɗauka Ba

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, a gabana aka yi, da yatsana ma na danna maɓallin, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, ina aiki a ɗakin hoto na wani asibiti mai zaman kansa a nan cikin Bauchi, ta wajen Ɗan Iya, lokacin da aka fara daina wanke fim a ɗakin duhu ana komawa kaset, wanda za ka zura wa na'ura hoto ya fito maka a kwamfuta. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Bulus, mutumin Bogoro, dogo mai yawan barkwanci, yana zaune a Fadaman Mada da matarsa Saratu da 'ya'yansu mata. Kullum ni nake biyawa in ɗauko shi a mashin, don shi tun da ya taɓa faɗuwa a hanyar Dass aka sa masa ƙarfe a ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa, ya rantse ba zai sake tuƙi ba.

To ana cikin zafin bazara sai aka shirya mana bita a kan yadda ake gwada lafiyar injin hoto, aka gayyato ma'aikatan wasu asibitocin, muka cika ɗan ɗakin namu. Wadda ta zo koyar da mu wata injiniya ce, Hajiya Asabe, mace mara wasa, ga ta da tabarau a bisa karan hanci. Maganarta ta farko har yau ina tuna ta, ta ce inji ma yana ƙarya, aikinmu shi ne mu kama shi kafin ya yi wa mara lafiya. Ta nuna mana yadda ake jera 'yan ƙarafa a gefen hasken fitila don a ga ko inda fitila ta haska nan hoton yake faɗawa, da yadda ake duba rigar dalma, wadda ke kare jiki daga hasken injin, ko ta tsage daga ciki, da yadda ake auna ƙarfin hasken don kada a ɗirka wa mutum fiye da kima. Sannan ta fito da wani dunƙulen roba mai nauyi daga akwatinta, cikinsa layuka ne da ɗige-ɗige, shi ake ɗauka a madadin mutum a ga ko injin yana fitar da ƙananan abubuwa tsaf. Bulus ya ɗaga shi ya ce, "Ga majinyacin kirki, ba ya tari, ba ya motsi." Kowa ya yi dariya.

Bayan azahar ne, rana tana ƙuna, janareto yana ta ruri a waje. Hajiya ta ɗora robar a kan gado, ta ce kowa ya koma bayan bangon dalma, muka matsu a wurin muna leƙe ta gilashi, ba kowa a gaban injin sai robar nan. Na danna. Na ɗauko kaset na zura, muka tsaya muna jiran layuka da ɗige-ɗige su fito.

Wallahi ƙirjin mutum ne ya fito. Haƙarƙari a jere, ga inuwar zuciya, ga huhu.

Hajiya ko a jikinta, har da cewa madalla, ga darasi ya kawo kansa, wannan shi ne kaset ɗin da ba a goge shi da kyau ba, hoton wani ya maƙale a ciki. Ta harare mu ni da Bulus, ta sa aka goge a gaban kowa, aka mayar, na sake dannawa. Ƙirjin nan ya sake fitowa, kuma ya fi na farko kyau ma. Sai na ga ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko sabon kaset fil, a cikin ledarsa, ita ta yage ledar da hannunta, ita ta saka, ita ta danna. Shi ne dai. Aka bincike kwamfutar kaf ko wani tsohon hoto take jawowa, babu mai kama da shi. Wani daga cikin baƙin ya fara salati a hankali.

Can sai na ji muryar Bulus a bayana, ba irin wadda na sani ba. Ya ce, "Hajiya, don Allah ki ƙara girman saman nan, ta hagu."

Ta ƙara. Ga ƙarfe kwance a kan ƙashin wuya da ƙusoshinsa, ɗaya ta ɗan karkace ta fi sauran tsawo. Ni na san ƙusar nan, don sau da yawa yana nuna mana tsohon fim ɗinsa yana tsokanar likitan da ya yi masa aikin wai kafinta ne.

Ya ce, "Wannan ai ni ne."

Kuma a huhun dama, can ƙasa, ga wani farin dunƙule kamar lemon tsami. Duk wanda ke ɗakin nan aikinsa ke nan, ba wanda bai san abin da yake kallo ba, shi ya sa ba wanda ya iya ɗaga ido ya dube shi. Mutumin da yake tsaye a bayana, kafaɗarsa tana gugar tawa, bai taɓa tsayawa gaban injin nan ba tun da aka kawo shi.

A ranar ba mu jira an tashi ba, na goya shi muka tafi wani wurin hoto daban, aka ɗauke shi. Ƙarfen yana nan, ƙusar karkatacciya tana nan, amma huhu tas, ko ɗigo babu. Muka kai wa likitanmu tare da wanda Bulus ya ɗauka a wayarsa daga fuskar kwamfuta. Likita ya daɗe yana duba wannan ya duba wancan, ya aika shi aka yi masa babban hoto mai yanka-yanka, aka ɗibi jini, aka duba majina, komai lafiya. Daga ƙarshe ya ce masa, "Bulus, me kake so in yi wa magani? Ba zan yanka mutum a kan abin da babu shi ba." Gaskiyarsa ne. Injin kuwa Hajiya ta kira abokan aikinta suka kwance shi suka ɗaura, duk gwajin da ta koya mana ya ci, robar ta koma fitowa da layukanta kamar ba a yi komai ba.

To a nan ne wahalar take. Da ciwo ne a fili, da an san inda za a nufa. Amma mu an nuna mana abu an ɗauke, an bar mu muna jira. Saratu ta shiga azumi, fasto ya zo gida, ni ma na je wajen kawuna a cikin gari, malami ne, ya ce gaibu sai Allah, a yi ta addu'a da sadaka. Bulus ya bar shiga hayaƙi, ya bar komai da aka ce yana taɓa huhu, alhali ko sigari bai taɓa sha ba. Kuma abin takaici, hoton ma ba ya yiwuwa a yi ta ɗauka, don Hajiya da bakinta ta koya mana hasken nan yana taruwa a jiki, yawansa shi kansa yana jawo irin abin da muke tsoro. In mun duba muna tsoro, in mun bari muna tsoro. Sai ya daure wasu watanni, sannan ya ce mini, "Mutumina, zo ka leƙa mini." In leƙa in ga tas, mu yi ajiyar zuciya, kwana kaɗan kuma zullumin ya dawo. In muna kan mashin ya ɗan yi gyaran murya a bayana, sai in rage gudu in waiwaya in dube shi.

Aka fi shekara a haka, har mun fara mayar da abin wasa. Sai wata damina ya fara tari. Hoton da aka yi masa kafin nan ba da daɗewa ba tas yake, shi ya sa muka ce mura ce. Da tarin ya ƙi tafiya, ni na tsayar da shi a gaban injin, na ce ya ja numfashi ya riƙe. Saboda ciwon da yake ji a gefe sai ya ɗan karkata kafaɗa, na so in gyara shi ya ce in bari haka, ba zai iya ba. Da hoton ya fito ban kira shi ba, shi ya zagayo da kansa, ya ciro wayarsa ya buɗe hoton ranar bita ya kara a gefen kwamfutar. Innalillahi. Wuri ɗaya, girma ɗaya, har karkatar kafaɗa tana nan a wancan hoton, wadda tun farko muka ɗauka kuskuren hoto ne.

Bai yi kuka ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe wancan hoton yau ne aka ɗauke shi."

Ciwon daji ne, mai saurin yaɗuwa. An kai shi manyan asibitoci a wasu garuruwan, an yi abin da za a iya, aka dawo da shi Fadaman Mada. Ina zuwa bayan aiki in zauna a gefen katifarsa, mutumin nan dogo ya koma kamar kara. Wata rana Saratu ta raka ni bakin ƙofa, ta kira ni da sunan 'yata ta ce, "Baban Amina, ku da kuka gani tun da wuri, ba abin da za ku iya yi ne?" Na hau mashin na tafi ina hawaye a titi.

A Bogoro aka binne shi. Hajiya Asabe ta zo, kuma da za a dawo ta ce in shigo motarta. Da muka yi nisa sai ta rage gudu ta ce akwai abin da ya daɗe yana cin ta. Wai washegarin ranar bitar nan da safe, kafin mu iso, ta shiga ɗakin ita kaɗai ta sake ɗaukar robar. Ƙirji ya fito, amma ba na Bulus ba ne, babu ƙarfe, kuma abin da ta gani a cikinsa ya fi nasa muni. Ta goge nan take.

Na ce, "Hajiya, na wane ne?"

Ta ce, "Ina zan sani? Ƙashi ba ya zuwa da suna. Na dai san duk wanda ya shiga ɗakin nan a bitar, da ni da kai a ciki, ina bin labarinsa har yau."

Na ce namiji ne ko mace, ai wannan ana ganewa. Ta ƙara wa motar wuta, har muka shigo Bauchi ba ta amsa ba, kuma ban sake samun ƙarfin halin tambayarta ba.

Ina nan ina aikin, a wani asibitin daban. Mutanen bitar nan mukan haɗu a wajen biki ko jana'iza, mu gaisa, sai in kama kaina ina sauraron numfashin mutum maimakon maganarsa, su kuwa ba su san komai ba, kuma ban ga amfanin faɗa musu ba. Ni dai shawarata gare ku, in jikinku ya canja ku je asibiti da wuri, kada ku yi wasa. Amma masu bin 'yan duba da masu roƙon a nuna musu abin da ke gabansu, ku yi wa kanku faɗa. Rufin da Allah ya yi wa gobe rahama ce, ni na ga mutumin da aka ɗaga wa gefensa kaɗan, kuma ko maƙiyina ba na yi masa fatan haka.