Munduwa a Wuyan Tulu

A bayan rumfar mahauta a kasuwar Sokodé akwai wata mata mai ginin tukwane. Ban san sunanta ba. Tsagar fuskarta ta mutanen Dapaong ce, can arewa, kanta ya yi furfura, yumɓu ya bushe mata har gwiwar hannu. Tana zaune ƙasa, curin yumɓu a kan tsohon kasko. Hannun hagu yana juya kaskon, na dama yana jan bakin tulu sama da jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta kiran mai saye.

Idan tulu ya tashi, sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro wata 'yar munduwar tagulla irin ta hannun yaro, ta danna ta a wuyan tulun. Duk tulunan da ta jera suna da wannan shaida.

Husseina mai koko ta ɗauki ɗaya tana dubawa, ta ce, "Inna, wannan ado ne?"

Matar ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Munduwar ɗana ce, tun yana ƙarami. Faransa sun kai shi kudu aikin hanyar jirgin ƙasa, bai komo ba. Ƙafata ba ta kai can. Tulu yana kaiwa. In ya gani, ya san ina nan."

Ina jin shi ya sa ta baro garinsu ta zauna a hanyar fatake masu gangarawa kudu. Ta ƙulle munduwar, ta jawo wani curin yumɓu.