Wata huɗun da na sa Nazifi ya ƙara

Shekara shida ke nan cif da muka binne ƙanena Nazifi a nan Jidda. Bai cika talatin da biyar ba. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni, shi ya sa na roƙi fili a wannan shafi.

Ni ma'aikacin sito ne a tashar jiragen ruwa, aikina duba kayan da aka sauke daga kwantena. Na shekara goma a ƙasar nan kafin Nazifi ya biyo ni daga Funtuwa, kuma ba ta hannuna ya zo ba. Wani kamfanin haɗa wasannin bidiyo ne ya ga aikinsa a intanet, ya aika masa da biza, ya zama kafilinsa, wato zamansa da fitarsa duk sai da sa hannunsu. Matarsa Hafsatu da 'yarsu ya bari a gida, da niyyar ɗauko su idan ya zauna da gindinsa. Muka kama ɗaki biyu a unguwar Bani Malik, saman wani shagon gyaran waya.

Aikinsa shi ne sa wa mutanen cikin wasa motsi. Wani ya zana mutum, shi kuma ya koya masa tafiya, da zama, da yadda zai waiwaya idan an kira shi. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Nakan ce Baba ya sayar da gona ya kai ka jami'a, ka ƙare a koya wa 'yar tsana tafiya. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, 'yar tsanar nan ta fi kwantenarka tsada."

Ashe gaskiyarsa. Shi ya fahimtar da ni cewa babban wasa irin wanda suke yi, mutane ɗaruruwa ke zama a kansa shekara da shekaru, ana biyansu albashi duk wata, kafin riyal ɗaya ya shigo. Ba siminti ake saye ba, ba ƙarfe ba, lokacin mutane ake saye. Ya ce duk wanda na gani a allo ya ƙyafta ido, wani ya kashe kwanaki a kan ƙyaftawar nan. Shi ya sa idan masu zuba jari suka fara ƙorafin kuɗi sun yi yawa, ba wasan ake ragewa ba. Sallamar wasu ake yi, a ɗora aikinsu a kan waɗanda suka rage. Abin da ake riƙe mutum da shi kuma biyu ne: ladan da aka yi alkawarin rabawa ranar da wasa ya fita kasuwa, da jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshensa. Dokar kamfaninsu ita ce sai wanda yake bakin aiki a ranar fitar zai samu ko ɗaya. Sunan nan kuwa shi ne takardar shaidar mutum a sana'ar, da shi yake neman aiki na gaba.

A shekararsa ta uku aka sallami rabin 'yan sashensu. Daga nan hutun Asabar ya tafi, Juma'a ma daga masallaci sai ofis. Ƙafafunsa suka fara kumbura, sai ya daina ɗaure takalmi. Ciwon kai ya zame masa abokin zama. Ina gani, amma ban gani ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, kafin ya wuce ofis, muna cin shinkafa da kaza a gidan abincin ƙasan layinmu, ya ture farantin ya ce yana da magana. Likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai, kuma sai ya huta. Ya ce yana so ya nemi khuruj niha'i, wato fitar da ba komowa, ya koma Funtuwa.

Na tambaye shi saura nawa wasan ya fita. Ya ce wata huɗu suka ce.

Abin da na faɗa masa, har yau ina jinsa a kunnena kalma bayan kalma. Na ce, "Kai da kake zaune a kujera cikin sanyin mukayyif, na'ura tana hura maka iska, kake cewa aiki zai kashe ka? Zo tasha gobe ka ga masu ɗaukar buhu a rana. Shekara uku ka zuba, saura wata huɗu ka tafi hannu rabbana, ba lada, ba suna? Ka sha maganinka, ka daure."

Ya dube ni ya ce, "To, Yaya." Ya jawo farantin ya ci gaba da ci.

Ba mugunta ta sa ni ba, jahilci ne, kuma ban ce wannan ya wanke ni ba. Mu mutanen tasha da gumi muke auna wahala. Idan riga ba ta jiƙe ba, a wurinmu ba a yi aiki ba. Na ga wanda kaya suka murƙushe wa ƙafa, na ga wanda rana ta kayar, amma ban taɓa ganin wanda zama ya kayar ba, sai na ɗauka babu.

Wata huɗu suka cika, aka ɗaga ranar. Aka sake ɗagawa, domin masu kuɗin sun ga wasan wani kamfani ya fito sun ce nasu ma sai ya kai haka. A wata na goma sha ɗaya, bayan sallar azahar, Nazifi ya kifa kansa a kan tebur. Na kusa da shi ya zaci gyangyaɗi yake, ya ƙyale shi ya ɗan huta. Jijiya ce ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Kwana uku ya yi a asibiti bai san inda yake ba. Da na sanar da gida, mutane suka yi ta cewa ya dace, ya kwanta a ƙasa mai tsarki. Ina amsawa da amin, amma raina yana ɓaci, domin na san shi Funtuwa ya nema.

Zan faɗi gaskiya a kan kamfanin: haƙƙinsa na ƙarshen aiki wanda doka ta ce, sun biya, na kuma aika wa Hafsatu. Shugaban sashensu ya zo gaisuwa har ya yi hawaye. Ban ce sun ci masa komai ba. Ajali kuma na Allah ne, ban musa ba.

Wasan bai fita ba sai bayan shekara biyu da rasuwarsa. Abokin aikinsa Usama, Bahaushe haifaffen Jidda daga unguwar Madain Fahd, ya zo min da na'urar buga wasan a jakar leda, ya haɗa ta da talabijin. Ya ce bari mu duba jerin sunayen. Muka zauna sunaye suna hawa, har shayi ya huce a gabanmu. Akwai masu kawo abinci ofis. Akwai lauyoyi. Akwai jerin jariran da aka haifa wa ma'aikata lokacin aikin. Babu Nazifi.

Na ce ko mun tsallake ne, a maimaita. Usama ya ce, "La, ya ammi, ma fi, babu shi. Ni ma babu nawa. Saura wata biyu suka sallame ni. Nizam ɗinsu ke nan, dokarsu ce, halas, magana ta ƙare."

Daga nan ya ce akwai abin da yake so in gani. Ya kai mutumin da yake sarrafawa wata kasuwa a cikin wasan, ya tsaya gaban wani tsoho da ke zaune a ƙasa, wanda ba shi da suna kuma ba ya cewa komai. Tsohon ya dafa gwiwar hagu, ya ɗan dakata kamar mai tunanin fasawa, sannan ya miƙe ya kakkaɓe bayan rigarsa sau biyu. Haka Babanmu yake tashi daga kan dardumar salla. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Usama ya ce mako uku Nazifi ya yi a kan tashin nan, shugabansu yana faɗa wai ɓata lokaci ne.

Yau da nake wannan rubutu, kamfanin ya rufe. Usama yana aikin liyafar baƙi a wani otal. Yakan turo min labarai: wasanni sun ƙara tsada, ana ta rufe kamfanoni a ƙasashe, ana sallamar mutane ko da wasansu ya yi kasuwa. Yanzu kuma an ce akwai manhajar da za ka rubuta mata "tsoho ya tashi" ta yi maka cikin ƙiftawar ido, ba albashi, ba iƙama, wato takardar zaman ƙasa. Nakan tambayi kaina me Nazifi zai ce. Na san halinsa, da ɗoki zai fara gwada ta, ya yini yana yaba wa waɗanda suka ƙera ta, sannan ya ce tsohonta yana tashi kamar wanda gwiwa ba ta taɓa yi wa ciwo ba. Ko zai sami aiki a wannan zamani, ban sani ba. Da dai yana raye a Funtuwa, ko da gyaran waya yake yi.

Idan na auna abin da ya rage nasa, ba yawa. 'Yarsa ta shiga sakandare, tana da goshinsa, ba ta tuna muryarsa. Akwai tsohon nan a kasuwar ƙarya, yana tashi yana zama a gidajen mutanen da ba su san Funtuwa ba. Sai kuma maganar Juma'ar nan, wadda na ɗauka ni kaɗai na rage da ita a duniya.

Makon jiya na ga bai kamata Hafsatu ta fara ganin wannan a jarida ba, sai na kira ta. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na faɗa mata: mijinki ya nemi dawowa wurinku, ni na hana shi.

Ta ce, "Na sani, Yaya. A ranar ya kira ni. Har na fara share masa ɗaki, ya ce in bari, kai ka ce ya tsaya, shi kuma bai taɓa tsallake maganarka ba."

Shekara shida tana kirana duk Sallah, tana tambayar lafiyata, tana ba yarinyar waya ta gaishe da Baffanta. Na ce mata me ya sa ba ta taɓa yi min maganar ba. Ta ce jira take in faɗa da bakina.