Baiwa Mai Turare da Angonta

Duk wanda ya taɓa shiga layin su Baiwa a Agege, hancinsa ne ke nuna masa gidanta kafin ya tambayi kowa. Turaren wuta take haɗawa, da humra, sana'ar da ta koya tun tana budurwa a hannun wata maƙwabciyarsu 'yar Maiduguri. A Agegen aka haife ta, a nan aka haifi ubanta. Kakanta ne ya zo daga Arewa da kakin soja bai koma ba. In tana ciniki da Yarbanci sai ka rantse 'yar Abeokuta ce, su kuma Yarbawan layin Iya Turare suke ce mata. Hanci gare ta na ban tsoro. Ki gifta ta gabanta kawai, za ta gaya miki turaren da kika shafa da inda aka cuce ki wajen sayensa.

Sai wani zazzaɓi mai mura ya kayar da ita. Ta warke, amma hancin ya ɗauke cak. Da ya tashi dawowa bayan watanni, wayyo, gara ma da bai dawo ba! Albasa a mai ta koma mata warin tayar da aka ƙona. Nama a bakinta fetur ne. Humrar da take tinƙaho da ita kuwa, warin kwata bayan ruwan sama. Ta koma cin farar shinkafa da koko mai sanyi, ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Kuma ta yi gum, ko 'yarta ba ta gaya wa ba, don mai turaren da hancinta ya lalace wa zai saya a wajenta? Ta ɗaura takunkumi, ta ci gaba da haɗi da awon hannu, mutane suna cewa Baiwa akwai kiyaye lafiya.

Ana haka 'yarta tilo, Mubina, wadda ke aure a Abule Egba, ta shiga watan haihuwa. Haihuwar fari kuwa gida ake zuwa wanka. Kai, ku zo ku ga rawar kai! Baiwa ta sayi gero da kanwa, ta sa aka saro mata ganyen darbejiya, ta yi wa ɗaki fenti, ta tare duk wanda ta gani a layi, har ɗan acaɓa, tana cewa, "Angona yana hanya, ku shirya!" Jikan Baiwa kuma ai ba zai sa kaya salam ba ƙamshi. Ta ɗauko turaren da ta ɓoye tun bikin Mubina, ta toshe hanci, ta kifa kwando a kan kasko, ta turara riguna da zannuwan goyo da tawul, har 'yan safa, sai da ƙamshin ya kama zare.

Mubina ta sauka lafiya, namiji. Aka kawo su gida da rakiyar Gwaggo Badiyya, yayar uban mijin, wadda tun farko take cewa a bar mata jegon a gidanta na Ijora. Baiwa ta fito da guɗa, ta fizge takunkumi, don ba za ta tari angonta da rufaffiyar fuska ba. Aka miƙa mata shi a naɗe cikin tawul ɗin da ta turara da hannunta. Ta kai fuskarta, sai warin kwata ya buge ta. Da ƙyar ta dangwara yaron a cinyar uwarsa, ta ruga bakin rariya tana kelaya amai a gaban dangin miji.

Gwaggo Badiyya ta gyara mayafi ta ce, "To, Mubina, ki haɗa kayanki. Wadda ba ta iya riƙe yaro ba, ita za ta yi masa wanka har arba'in?"

Mubina ta dubi uwarta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Mama, ƙyamar ɗana kike yi?"

Wannan maganar ta soki Baiwa fiye da duk abin da ciwon ya yi mata. Ta kurkure baki, ta miƙe, ta zayyana musu komai: tayar, fetur ɗin, kwatar, da yadda ta daɗe tana sayar da ƙamshin da take jin kamar ta mutu in ta shaƙa. "Ba yaron ba ne," ta ce. "Turarena ne. Ni na kashe kaina da hannuna."

Mubina ba ta jira jin ta bakin kowa ba. Ta warware tawul, ta cire wa yaron riga, ta cire safa, ta ce a fitar da kaskon tsakar gida, a buɗe taga.

"Ɗakin mai jego ba turare?" in ji Gwaggo Badiyya. "A garin wa aka taɓa yin haka? In 'yan barka suka shigo me za su ce?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, su faɗi abin da suka ga dama," in ji Mubina. "A ba ni ruwan ɗumi, ban da sabulu."

Ta goge yaron tas, ta naɗe shi da wani tsohon zani da aka ciro daga igiyar maƙwabta, ta miƙa wa uwarta. Baiwa ta karɓa. Ta riƙe numfashi, ta riƙe, har ta kasa. Sannan ta sa hanci a wuyansa ta ja a hankali.

Ba ƙamshin jarirai da ta sani ba ne, wannan kam ya tafi. Amma babu taya, babu kwata. Ɗumi ne kawai, da wani ɗan abu kamar danshin gero. Ta sake ja, ta sake, sai ta rushe da kuka da dariya a haɗe.

"La ilaha illallahu! Ango, ashe kai kaɗai ne ba ka wari a duk garin Legas!"

Gwaggo Badiyya ta juya kai tana share ido da bakin mayafi, ta ce a dai tabbatar ruwan wankan ya tafasa sosai. Da yamma ta hau motar danfo ta koma Ijora ita kaɗai.

Washegari labarin hancin Iya Turare ya zaga layi, wasu masu sayen suka janye ƙafa. Aka zo aka gaya mata tana tsugune gaban baho, yaron kwance a kan ƙafafunta, tana zuba masa ruwa yana tsala ihu. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ku matsa min daga haske," ta ce, "mijina nake wa wanka."