Kwalbar da Mai-Mazurari Ya Zubar

Kowace safiya, kafin masu shara su gama da harabar ofishin kula da muhalli, Mai-Mazurari ya riga ya hau rufin bene. Matakala arba'in da ɗaya ce. Ya ce gwiwarsa ce ta ƙirga, ba shi ba. A can sama mazurarai uku ne bisa sanduna, kowanne da kwalba a ƙarƙashinsa, sun buɗe baki suna jiran gajimare. Yakan sa safar hannu, ya ɗaga kwalba ga haske, ya rubuta rana da awa, ya wanke mazurari sau uku da tataccen ruwa. Daga nan kwalbar ta wuce ɗakin gwaji, inda ake gano abin da ruwan ya kwaso a hanyarsa: hayaƙi, ƙura, da sinadaran da ke zame wa ƙasa taki ko guba. Shekara talatin da biyu ke nan. Wannan watan yake ajiye aiki.

Maƙwabcina ne. Wata rana ya hau da ni rufin. Gari ya ƙanƙance a ƙasa, hadari na tafiya a hankali kamar garken da ba makiyayi. Ya ce, "Sama ba ta mantuwa. Duk abin da muka aika mata, sai ta dawo mana da shi a jiƙe."

Bayan unguwarmu akwai masana'antar taki. Hayaƙinta ya sa yara tari, ya kama ƙirjin matarsa. Da muka kai kuka, hukuma ta ce a kawo shaida, kuma babbar shaida ita ce ruwan farkon damina, wanda ke wanko dattin watanni. Muka zuba wa sama ido. Ruwan ya sauko. Da safe ya hau rufin, sai ya tarar da kashin tsuntsu, ɗan ɗigo, a cikin kowane mazurari. Garken tantabaru ne ya fake a wajen. Sinadarin da ke cikin kashin irin na hayaƙin ne. Da ya yi shiru, da sakamakon ya ninka, da mun ci nasara a take.

Ya zubar. Ya rubuta a littafi: "An zubar. Kashin tsuntsu."

Telan unguwa ya tare shi a ƙofar shago. "Baba, tantabarun sun sa hannu a takarda ne? Wa ya gani?"

"Ni na gani."

A gida matarsa, tsakanin tari da tari, ta ce, "Malam, tsakani da Allah, ni ka aura ko tantabara?" Ya ɗora mata ruwan zafi, ya zauna yana kallon tururi.

Aka ɗage zaman sauraron ƙararmu sai baɗi. Ya kewaye mazurarai da waya mai tsini, ya ci gaba da hawa, mutane suka rage gaishe shi. Da shekara ta zagayo, ruwan ya zo ba ɗigon kashi, gwaji kuma ya nuna gubar hayaƙin a cikinsa. Lauyan masana'anta ya yi ta buɗe littafin yana neman inda aka yi cuwa-cuwa, har ya iso layin nan. Ya karanta, ya sake karantawa, ya rufe littafin. Aka tilasta wa masana'antar sa na'urar tace hayaƙi.

Ba zan ce komai ya warware ba. Ƙirjin matarsa bai koma yadda yake ba, kuma na daɗe ina auna shekarar nan ɗaya da gaskiyar nan ɗaya, ma'aunin ya ƙi tsayawa. Na tambaye ta. Ta yi murmushi. "Mutumin da ya kasa yi wa kwalba ƙarya, ni ma na san bai taɓa yi mini ba."

Kai ne mai karanta wasiƙar gajimare, Baba. Kai ne ka tsaya tsakaninka da Allah da tantabaru, ka rubuta abin da ka gani, alhali gidanka ake tari. Mun gode, har da mu da muka ɗauke maka kai. Allah ya hutar da gwiwarka, ya sauƙaƙa wa uwar gidanka numfashi.

Sauranmu kuwa, kowa da rufin da yake hawa shi kaɗai. Ranar da ka leƙa naka mazurarin ka ga ɗigon, ka ɗauki alƙalami.