Ƙugiyoyin Alhaji a Garin da Ba Kogi

Me ya sa na hana shi komawa gida? Shekara uku da rasuwar maigidana, har yau ban sani ba.

Jiya na tsinci gwangwanin ƙugiyoyinsa, na yi ta kuka. Masunci ne daga Yawuri. Duk bazara yakan zauna a ɗakinmu na unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, yana ɗaura gashin kaza a ƙugiya har ta yi kama da shinge, ƙwarin nan na farkon ruwa, wai yanzu a can gida kifi yana tasowa yana cafkarsu. Igamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, in ya bar ƙasar ba dawowa. Na ce, "Alhaji, ka bar ni da wa?" Sai ya zauna.

Allah ya shayar da shi daga Alkausara. Ranar da zai cika ya ce, "Hajiya, buɗe taga, ina jin ƙanshin ruwa."