Tukwanen Bayan Ɗakin Kaka

Jiya a kasuwar Maraɗi na ga wata mata tana ƙwanƙwasa randa da bayan yatsa. Haka kakata take yi. Maginiyar tukwane ce a Jiratawa, ba ta sallama tukunya sai ta ji amonta.

Bayan ɗakinta akwai wasu manyan tukwane jere a kife, ba girki, ba zuba ruwa. Wata rana da bazara randarmu ta tsage, sai na je na kinkimo ɗaya.

"Aje ta, ɗiyar nan," in ji Kaka. "Na rufin kabari ne. Kowa a gidan ga na gina mai tasa."

Ta miƙo hannunta mai ƙamshin yumɓu, ta ƙwanƙwasa wadda na rungumo. Har cikin ƙirjina na ji amon.

"Kin ko ɗauko taki."

Ranar da ta rasu aka raba tata biyu, aka rufe ta da ita. Tun daga nan jerin yake raguwa. Bana saura biyu.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka. Tawa kuwa, Allah ya sa ta daɗe a kife.