Ranar da ƙanena ya sa safar dambe

Mu gidan fawa ne a Madarumfa. Ni Allah ya karkata ni wajen allo, ƙanena kuwa ya gaji dambe. Duk kaka, in an gama yankan gero, kalangu zai kira shi garin Gabi ko Safo, ya naɗe hannun dama da kara, wato ƙyallen dambe, hagu ta zama garkuwa. A shekarun casa'in ɗin nan ban ga wanda ya kai shi ƙasa ba.

Wani direban kamyo, babbar mota mai jigilar wake zuwa Najeriya, shi ya zuga shi. Ya ce a can akwai damben turawa, ana sa safa hannu biyu, ana biyan mutum, kuma mai ƙira irin tasa cikin masu nauyi zai shiga. Inna ba ta so ba. Tana da wa da duka ya taɓa wa kai, har ya rasu bai ƙara gane ƴaƴansa ba. Da ta ga yaron ba zai hanu ba, sai ta ce in bi shi, in dawo mata da shi da hankalinsa.

Da muka isa can, bayan la'asar aka haɗa shi da wani ƙato. An yi masa bayanin dokoki, yana ta gyaɗa kai. Ba a jima ba ya kai dama, sai ga gwiwar mutumin a ƙasa. A wurinmu wannan kisa ne, wasa ya ƙare. Ƙanena ya sauke hannuwa, ya juya yana neman makaɗa, bai ko saurari ƙirgar alƙali ba. Mutumin ya miƙe, aka ce a ci gaba.

Daga nan abin ya sake. Hagun ƙaton nan ma duka take, kuma turmi bayan turmi ba ya gajiya. Da na ga idon ƙanena ya fara yawo, na tuna kawu, na riƙe rigar mutumin da ke kula da shi a gefen fili yana ba shi ruwa, har sai da ya tsayar da wasan.

Da muka ƙetare iyaka a hanyar gida, ƙanena ya ce mini:

"Yaya, ai na kashe shi."

Na ce, "A Gabi ka kashe shi."

Da muka isa gida, Inna ba ta tambayi wanda ya ci ba. Ta zaunar da shi tana nuno mutanen gida ɗaya-ɗaya, yana faɗin sunansu yana tsaki. Da ya kai kan autarmu bai kuskure ko ɗaya ba, Inna ta tashi ta ɗauki butar alwala.

Alhamdu lillahi. Yau jikokinsa sun cika zaure, ba wanda yake mance sunansa.